Zaren Baba Datti

A Fagge, bayan layin teloli,
inda kekunan ɗinki ke ta surutu har la'asar sakaliya,
kakana Datti ya ajiye teku a akwatin ƙarfe.
A naɗe take, bakinta ya yi ja,
gara ta cinye mata Dakar.
In ya warware ta a kan tabarma
sai ya danne kusurwoyinta huɗu:
kofin shayi, carbi, kwaɗon ƙofa, da takalmina ɗaya.

Shekara goma sha tara ya yi a jirgin kaya.
Ya dawo da gishiri a murya,
da gwiwar da ke riga kowa ganin hadari.

'Yan Kwari ne baƙinsa.
Alhaji Barau zai tsuguna, hula a hannu:
"Kwantenata ta baro Sin ran Talata.
Yaushe atamfa za ta ga Kano? Salla na ƙaratowa."

Baba ba ya saurin baki.
Zare zai fara karɓowa wurin Ilu tela, baƙi, mai ƙwari,
ya kwantar da shi a kan shuɗin takarda,
ba a miƙe ba, don jirgi ba shirwa ba ne.
Ya kauce wa tsibirai, ya kutsa ta mashigin Malaka,
ya gangara kudu har wutsiyar Afirka,
sannan ya hauro da shi Ikko a hankali
kamar mai jan akuya a kasuwa.
Sai ya ɗaga, ya auna a gefen taswira.
"Mil ɗin ruwa ya fi na mota," in ji shi,
"mudun Dawanau ne, ba na kanti ba."

A ce mil dubu goma.
Jirgi mai gudun ƙulli goma sha huɗu
zai ci ɗari uku da talatin da shida
daga wannan asuba zuwa waccan.
Ya raba da guntun fensir a bayan kwalin sukari:
kwana talatin, saura ƙiris.

Sai ƙari ya biyo baya.
Biyu na tsayawa shan mai.
Biyu na iskar kudu mai marin jirgi a goshi.
Uku kuma, ya rubuta su shiru.
Na taɓa tambayarsa na mene ne.
Ya ce, "Na Mai ruwan ne, Tasalla.
Ba a shiga gonar wani a yi masa ƙidaya."

"To daga Apapa zuwa nan fa?" in ji Barau.
Baba ya yi dariya har tari ya kama shi.
"Nan karatuna ya ƙare, Alhaji.
Teku tana da ƙa'ida.
Kwastan da tirela, sai dai addu'a."

Ni ban taɓa ganin ruwan da ya wuce Tiga ba,
amma na iya Kwatano, na iya Tema,
na san nisan Abijan da tsawon ɗan yatsana.

Daminar bara, a asibitin Nassarawa,
ya ce in kawo masa zaren.
Ya naɗa a yatsa, ya warware, ya sake naɗawa,
leɓɓansa na motsi irin na mai rabawa.
Ruwa na dukan kwano a waje.
"Na hango fitilar tasha," ya ce.
"Wannan karon kada ki ƙara ukun nan."
Bai kai Juma'a ba.

Yanzu ni ke riƙe littafin shagon Barau.
Waya na faɗa mini inda jirgi yake,
ɗigo ja yana rarrafe a tafin hannuna,
ta ce kwana talatin da ɗaya cif,
ko kunya babu.
Nakan ce to.
Sai in jawo kwali, in lashi bakin fensir,
in rubuta uku a ƙasa, shiru.